Langar da Na Huda a Bin Mahmud

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da muka yi a Doha waɗanda yanzu sai an tuna mini nake cewa, au, haka fa aka yi. Amma maganar langar nan, ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin za ta fita daga raina.

A tsakiyar zafi muka sauka, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara shida. Shi aikin asibiti ne ya kawo shi, ni kuwa biyo shi na yi. Aka ba mu gida a hawa na huɗu na wani dogon bene a unguwar Bin Mahmud. Da sassafe zai fita, ya bar ni da yarinya da kukan na'urar sanyaya ɗaki. Ni da na taso a gidan yawa a Kano, inda ko atishawa ka yi sai mutum biyar sun yi maka addu'a, sai ga ni ina wuni ban ji sallamar kowa ba. Wallahi na yi kuka a kicin ɗin nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A kwana na biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wata mata mai jiki, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, riƙe da kwano an rufe shi da adiko. Ashe maƙwabciyata ce, ƙofarta na jikin tamu. 'Yar Zangon Kumasi ce, tana aikin kitso da gyaran farce a wani shago da ke ƙasan layinmu.

"Ta bango na ji kina yi wa yarinya faɗa da Hausa," in ji ta, "na ce to, 'yan gida sun iso. Matar dakta, karɓi da zafinsa."

Shinkafa da wake ce irin dafuwarsu ta Gana, wadda ake jefa wa karan dafi ta yi ja, ga baƙin yajin nan nasu mai kifi, ga dafaffen ƙwai. A tsaye na cinye rabi, ko zama ban yi ba. Kwanon kuwa tsohuwar langa ce fara mai shuɗin baki, fentinta ya ɗan ɓare a gefe, marfinta ma ya daɗe da ɓata.

To, kowa ya san ba a mayar da kwano haka nan. Ko sabulu ne, ko ɗan sukari, ko dabino, sai an saka wani abu a ciki. Nan fa girman kaina ya motsa. Na ce ni, matar likita guda, 'yar Kano, in mayar da kwanon matar nan da dabinon da ke zube a kowane kanti? Ina, sai dai dambun nama, wanda za ta ci ta san gidan da ya fito. Sai dai dambun yana son yajin gida da daddawa, ga shi namu bai iso ba. Na ce bari a jira mai zuwa daga gida. Mai zuwa ya zo bai taho da saƙon ba. Na ce to alkaki, na gwada ya ƙi ni. Sati biyu ya zama wata biyu, kunya ta fara shiga. Da kunyar ta yi yawa sai na koma gudun matar. In na ji motsinta a bakin lif sai in bi matakala, hawa huɗu, ina haki kamar wadda aka biyo. In kuma muka yi kiciɓis, sai in gaishe ta da sauri, "Hajiya ina kwana," ina laluben makulli a jaka. Langar kuwa na tura ta can ƙuryar kabad, cikin wasu tsofaffin kwanukan langa na kayan ɗakina da innata ta dage sai na taho da su. Duk kusan kamarsu ɗaya. Da na daina ganinta sai na sami sauƙin mantawa.

Ana nan har sanyi ya shigo, lokacin da Doha ke yin daɗi, kowa ya fito da tukwanen shuka baranda. Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta da takarda. Wai kowane yaro zai haɗa ɗan ƙaramin gida na ado da ake ajiyewa cikin lambu, irin gidan 'yan mitsitsin aljanun nan masu fukafuki na littattafan yaran Turawa, kuma da tsofaffin kayan gida kawai, ban da sabo.

Na dube ta na ce, "Ni da aka rene ni ana tofa mini addu'a kada in haɗu da su, yau ni ce zan gina musu gida?"

Ta ce, "Umma, waɗannan ba sa kama mutane. Shayi kawai suke sha a cikin fure."

Na ce to madalla, Allah ya sa iyakarsu ke nan.

Gaskiya tun da na zo ƙasar ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Muka shimfiɗa tsohon zani a baranda ranar wata Asabar da hantsi. Babban gwangwanin madarar gari shi ne bango. Muka shafe shi da gam, muka manna masa ƙananan duwatsu da ɓawon katantanwa da muka tsinto a bakin teku. Ƙofa da tsinken askirim muka yi ta, da ɗan maɓallin rigar babanta a matsayin mariƙi. Tsani kuma da tsinken tsire da zare. Ƙwallayen dabino muka wanke muka jera suka zama hanya, marafan kwalba suka zama kujeru, wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare ta zama fitila. Yatsunmu duk gam, yarinyar nan tana ta zuba surutu, tana faɗa mini inda za su kwana da inda za su shanya fukafukansu in an yi ruwa. Ni ma na biye mata, har da gardamar ko suna bukatar buta.

Saura rufi. A hoton da aka ba su, rufin kamar lemar kwaɗi yake, ja mai ɗigo-ɗigon fari. Na tashi na buɗe kabad, na zaro langa ɗaya daga cikin tsofaffin, ko dubawa ban yi ba. Na ɗora ta a kan katako, na kafa ƙusa a tsakiyarta ta ciki, na buga guduma sau uku, domin a sami inda za a zura ƙusar ɗauri ta kama marfin gwangwanin. Ta huje tsaf. Ina juya ta sai na ga ɗigo uku na koren fenti a gindinta, daf da hujin.

Ai duk macen da ta taɓa aika kwano gidan biki ta san mece ce wannan. Alama ce da mai kwano ke sawa don kayanta su dawo mata. Namu na gida jan kuros innata ke yi musu. Wannan ba namu ba ne.

Nan take na gane ta maƙwabciyata ce. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, ƙofarta taku uku ce daga tawa. Amma abin da na yi, wanda har yau nake jin nauyinsa, shi ne na tsoma buroshi a jan fenti na fara shafawa daga kan ɗigon nan uku. Na shafe langar tas, muka ɗiga mata fari, muka ɗaure ta a kan gwangwanin. Gida ya yi kyau, babu ƙarya. Aka kai makaranta aka yaba, aka dawo da shi, muka ajiye shi a baranda tsakanin tukunyar na'ana'a da ta ɗoɗɗoya. 'Yata kullum sai ta leƙa ta ga ko an kwana a ciki. Ni kuwa ko shanya zan yi, gefe nake kallo.

Bayan kamar sati uku na fito zan zubar da shara, sai na tarar da kwalaye jere a ƙofar maƙwabciyata, tana tsaye tana ɗaure su da igiya. Babu hanyar gudu.

"Hajiya, lafiya na ga kaya?"

"Lafiya lau, matar dakta. Kafil ɗina, wanda ya yi mini takardar zama a ƙasar, ya rufe shago. Shi ke nan, zan koma gida, saura kwana goma."

Ta yi mini murmushi ta ci gaba da ɗaurinta. Ba ta ce uffan a kan kwano ba. Da ma ta tambaya, da na ji sauƙi. Wunin ranar na kasa cin abinci. Na yi tunanin in zaga kasuwa in nemo mai kama da ita, na yi tunanin in yi shiru har jirginta ya tashi. Wannan na biyun ya fi zauna mini, kuma shi ya fi ba ni tsoron kaina.

Washegari da safe, bayan yarinya ta tafi makaranta, na rungumo gidan nan da duwatsunsa da tsaninsa na ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe, ta dubi abin da ke hannuna, ta matsa ta ba ni hanya. Ɗakin duk an kwashe, sai katifa da darduma. Na ajiye shi a ƙasa na durƙusa.

"Hajiya, langarki ce. Na huda ta ban sani ba. Amma da na gane, da sanina na shafe alamarki. Ki yafe mini."

Ta ƙura wa rufin ido. Sannan ta zauna a bakin katifa ta jawo shi gabanta.

"Tun ranar da kika ajiye shi na gan shi," in ji ta. "Barandata na jikin taki. Kin shafe ko'ina amma kin bar shuɗin bakin ta ciki. Kwanon mahaifiyata ne. Da shi take auna wa mutane abinci a ƙofar gidanmu tun ina goye. Ɗigo ukun nan mu ne, 'ya'yanta mata."

Na fashe da kuka. Ta bar ni sai da na yi mai isata.

"Hujin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba shi ya fi ba. Wata da watanni ina jin takunki a matakala kina guduna. Na ce ko abincina ne bai yi miki ba. Daga baya na ce a'a, ni ce ban kai ba. Mai wanke ƙafafun mutane ina ita ina matar dakta."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na ce mata wallahi ba haka ba ne, na kwashe labarin dambun nama da alkakin da ya ƙi ni na faɗa mata. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji daidai ba, sai kuma ta kama dariya har da share hawaye.

"Yanzu saboda dambu? Ke yarinyar nan, Allah ya shirye ki. Da dabino uku kika sa, ai da na zo na koya miki alkakin."

Ta miƙa hannu cikin jakar aikinta ta ɗauko auduga da ruwan da suke goge jan farce da shi. Ta warware ƙusar, ta cire langar, ta yi ta murza gindin a hankali har koren ɗigon ya fara leƙowa, ɗaya ya ɗan ci, biyu suna nan daram. Na zaci za ta ce in bar wa yarinya. Ba ta ce ba. Ta naɗe ta da ɗankwali ta tura cikin akwatinta, ta ce ko da huji, tata ce. Sannan ta shiga kicin ta fito da wata jar roba ta wanke shinkafa.

"Yalla, kawo. Ba za a bar baƙin jikata babu rufi ba."

Da farin jan farce ta ɗiga wa robar ɗigo, kuma hannunta ya fi nawa iyawa. Da 'yata ta dawo ta ga an sake rufi ta ɓata rai, amma Hajiya ta zaunar da ita a cinya ta yi mata kitso tana ba ta labarin Kumasi, kafin la'asar sun zama ƙawaye.

Kwana tara suka rage mana, kuma babu ranar da kwano bai ƙetara tsakanin ƙofofin nan biyu ba. Na yi mata miyar kuka, ta yi mini koko da ƙosai irin nasu. A ƙasa muke zama cikin kwalaye mu ci, ta yi ta tsokanar Hausata wai mun cika jan magana, ni ma in tsokani tata. Ta nuna mini inda ake samun karan dafi, ta haɗa ni da matan da take yi wa kitso a unguwar Ain Khaled, waɗanda daga baya suka zama dangina a ƙasar. Ranar da motar filin jirgi ta zo, ni na riƙe mata jaka har ƙasa, kuma tare muka shiga lif.

Mun yi waya na ɗan lokaci, daga baya lambar ta daina shiga. Ban san inda take ba yanzu, ina dai yi mata addu'a.

Abin da na koya shi ne, ba don a burge mutum ake saka abu a kwanonsa ba, don a sami dalilin komawa ƙofarsa ne. Duk lokacin da na ji zuciyata na cewa bari sai na sami abin da ya dace sannan in je wa wani, na san girman kai ne ke magana, sai in ɗauki abin da ke hannuna in tafi. Allah ya ba ni uwa a baƙuwar ƙasa, bango ɗaya tsakaninmu, har wata takwas. Kwana tara kawai na mora.