Uwar Sauro

Duk layinsu ba wanda bai san Auta sauro take kiwo ba. Wasu kaji, wasu tantabaru, ita kuwa Allah ya ajiye abincinta a jikin abin da kowa ke tafa hannu ya kashe. Can ƙuryar ginin kimiyya na jami'a akwai wani ɗaki mai ɗumi da laima, akwatunan raga jere a kan tebura, ƙarƙashinsu farantan ruwa cike da tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil. Nan ta yi shekaru tana wanke farantai, tana jiƙa auduga da ruwan sukari, tana tsince matattu. Ɗalibai suka sa mata Uwar Sauro, sunan ya bi ta.

Mahaifiyarta, Inna, ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. "In aka tambaye ni, cewa nake a asibiti kike," in ji ta. "Ƙarya ce, amma ta fi gaskiyar daɗin ji."

Sauron Auta ba irin na kwata ba ne. Jinsi ne da maganin feshi ba ya kashewa, an kamo kakanninsa tun da daɗewa, ana ta renon zuriyar ba tare da ta gauraya da na waje ba. A kansa ne Farfesan sashen da wata masaniyar ƙwari ta wata ƙasa suka nemi tallafin bincike na haɗin gwiwa, wanda ƙasashen biyu ke bayarwa. Sharaɗinsa mai tsauri ne: dole kowane ɓangare ya riƙe sauron da rai, don a yi gwaji iri ɗaya nan da can. In zuriyar ta yanke, ba tallafi, a rufe ɗakin, aikin Auta ya bi shi.

Ana cikin jiran amsa aka shiga yajin aiki. Za a kashe wuta, a garƙame ƙofofi, ba ranar buɗewa. Farfesa ya tsaya gaban akwatunan ya yi tagumi. "Sai haƙuri. Ko namu sun mutu, na can suna da nasu, ma roƙa."

Auta ba mai yawan magana ba ce. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in tafi da su gida."

Da tasi ta tsaya a ƙofar gida, akwatuna lulluɓe da jiƙaƙƙun tawul, Inna ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Mutane na sayen maganin sauro, ke kin yi musu hayar mota?"

Aka kwashe tarkacen ɗakin ajiya, Auta ta kafa raga biyu a ƙofar, ta hana feshi da turaren sauro a gidan. Saura jini. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, injin da ke ɗumama musu shi kuma yana jami'a a kulle. Sai Auta ta wanke hannu da ruwa zalla, ta naɗe riga, ta ɗora damtsenta a kan raga ta kau da kai.

"Ba su da cuta, Inna. A ɗaki aka haife su."

"Ke ma a ɗaki na haife ki, amma ban haife ki don a cinye ba."

Watanni suka shuɗe, hannun Auta ya koma kamar bayan kada. Wata rana da zafi ya tsananta, ta dawo daga kasuwa a guje, sai ta tarar da Inna a ɗakin ajiya tana yayyafa wa tawul ɗin ruwa.

"Kar ki kalle ni," in ji Inna. "Ba son su nake ba. Baƙo dai ba ya mutuwa da ƙishi a gidana."

Ba a jima ba Farfesa ya bugo waya. Na'urar ɗumama ɗakin masaniyar ta lalace cikin tsananin sanyi, sauronsu ya mutu kaf, ga kwamitin tallafi na gab da zama. "Naki fa? Da saura?"

"Suna nan, ranka ya daɗe. Har sun yi jikoki."

Ƙwan wannan sauro ba ya jure bushewa. Auta ta tara shi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ta rufe cikin ɗan gwangwani, Farfesa ya yi zirga-zirgar izini, aka sa a jirgi zuwa wurin masaniyar. Bayan 'yan kwanaki masaniyar ta kira su ta bidiyo. Ta juya wayar kan faranti. Ruwan na motsi da tsutsotsi. Inna, da ke leƙe ta bayan kafaɗar Auta, ta rangaɗa guɗa.

Tallafin ya fito. Aka sa wa ɗakin sauro wutar sola da sabon injin jini, sunan Auta na cikin tawagar bincike, an kuma gayyace ta can ta koya musu reno.

Yanzu in maƙwabta suka tambayi aikin Auta, Inna ba ta ambaton asibiti. Gyara zama take yi ta ce, "Sauro take kiwo. Jikokina ma sun riga uwarsu hawa jirgi."