Kayan Haushin Inna

Ina ofis ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, ƙanena Sale ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika jiya da azahar, an kai ta kafin magariba." Na yi salati, na rufe biro, na saka shi a jaka a hankali, kamar shi ne aikin da ya rage mini a duniya.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yar farinta. Duk wanda ya zauna da ita a ƙauyenmu Ƙofa ya san kalmarta: kayan haushi. Tsakuwa a tuwo kayan haushi ce. Haka gara a rumbu, da akuyar maƙwabta da ta san lokacin shanya kuɓewa, da baƙuwar da ba ta tashi zuwa sai an fara kwashe tuwo. Amma kalmar tana da iyaka a wurinta. Shekarar da fari ya ƙone dawar Baba, wata mata ta ce abin haushi, Inna ta gyara mata: "Wannan ƙaddara ce. Haushi shi ne abin da za ki yi wa tsaki ki ci gaba da aikinki." Takan kuma ce wanda ba naka ba, ba ya ba ka haushi, wucewa kawai kake yi.

Ni ma ina cikin kayan. Saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa jawo ni jikinta a gaban mutane ba. A ɗakin Gwaggo, yayar Baba, na tashi. In tana nemana, sai ta ce wa ƙanwata Ladi, "Je ki gaya wa kayan haushin can tuwo na hucewa."

A shekarun hamsin, kafin mulkin kai, dagaci ya sa sunana cikin 'yan matan da za a kai makarantar kwana a Kano. Ranar tafiya Inna ba ta fito rakiya ba. Tana tsakar gida tana shiƙar gero, ta ba ni baya. Na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi." Ta amsa wa faifan da ke hannunta, ba ni ba: "A tafi da kayan haushi, ko ma huta." A cikin mota na kwance ƙunshin da Gwaggo ta miƙo mini. Dakuwa ce, da zanen saƙi ɗaya tak da Inna ke zuwa biki da shi. Na cinye dakuwar, na riƙe maganar.

Na daɗe ina riƙe da ita. Na yi jami'a, na zama malama, har na koyar da kunyar ɗan fari a aji, ɗalibai suna rubutawa da sauri. A kan allo na fahimce ta sarai. A tsakar gidanmu ne kawai ta gagare ni.

Mako uku kafin rasuwarta, wani direba mai jigilar hatsi ya kawo mini saƙon baki: "Inna ta ce in kayan haushi ta samu sarari, ta leƙo, an yi sabon gero." Na tambayi lafiyarta, ya ce ta ɗan kwanta ne. Na ba shi sabulu da sukari ya kai mata, na ce sai an gama jarrabawa.

A zaman makoki na ba Ladi labarin, ina so ta ce ba laifina ba ne. Ta dube ni.

"Yaya, tun da kika bar gida, yaushe Inna ta taɓa aika miki ki zo?"

Ta ci gaba da cewa:

"Kwana uku tana juya yadda za ta faɗa kada a ce ta yi rashin kunya. Geron ma ba a girbe ba a lokacin. Ke da duk karatunki..."

Ba ta ƙarasa ba. Mata sun shigo gaisuwa, muka gyara lulluɓi muna amsawa.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba Sale da Ladi, da suka yi jinyarta, lada da haƙurin rashinta. Ni kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara. Sau ɗaya uwata ta kira ni, ban je ba. Allah Ya yafe mini, amin.