Abin Wuyan da Yaya Sa'idu Ya Rataye a Ƙofa

Ina shagon mahauci a unguwarmu ta Longsight, bayan La'asar, wayata ta yi ƙara. Zulai ce, 'yar yayana, wadda ke karatun jami'a a Birmingham. Ba ta yi sallama ba, kuma yarinyar ba ta taɓa kirana babu sallama ba. Ta ce, "Gwaggo, na zo flat ɗin Baba. Yana ƙasa. Gwaggo, jikinsa ya yi sanyi." Na yi ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un, har mai shagon ya zagayo ya karɓi ledar hannuna.

Da yawa daga waɗanda suka zo mana ta'aziyya sun san yayan nawa da Injiniya, amma ba su san aikinsa ba. Yaya Sa'idu gyaran na'urar neman agaji yake yi, irin wadda masu ƙananan jiragen ruwa ke tafiya da ita. In jirgi zai nutse, sai mutum ya danna ta, ta sanar da masu ceto inda yake a tsakiyar teku. Shi yana kiranta 'yar kururuwa. Mun sha tsokanarsa cewa ga injiniyan teku a garin da ba teku, ko iyo bai iya ba. Sai ya ce, "Ai shi ya sa nake gyara ta da tsoron Allah. Na san ni ne farkon nutsewa."

Kowace na'ura da lambar wanda za a kira in ta yi kuka, don a tabbatar da gaske ne. Akwai wani dattijon Bature, Mista Kolin, mai tafiya shi kaɗai a jirginsa. Ba mata, ba ɗa, sai ya roƙa a sa lambar Yaya. Wata Babbar Sallah Yaya yana gidanmu, ya sa hannu a tuwo ke nan aka kira shi. Ya miƙe da miya a yatsunsa, ya tsaya a bakin matakala yana faɗa wa masu ceto launin jirgin Kolin, da cewa mutumin shi kaɗai ne, kuma yana da ciwon suga. Tuwon nan bai koma kansa ba. Washegari wani jirgin dakon kaya ya karkata hanya ya tsamo Kolin.

Daga baya muka ji cewa sai da ya yi yini guda yana kwalfar ruwa da bokiti kafin ya danna, wai kada ya wahalar da mutane. Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga murya ga baƙo ba sai a kan wannan. Ya ce masa, "Kunyarka ka bar ta a gaɓa. Ka danna tun kana da hannun dannawa." Wannan magana na ji ta a bakinsa ba adadi, har Zulai kan ƙarasa masa ita cikin Turancinta na 'yan Birmingham, ya kai mata dukan wasa da hula.

Da aka shiga shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kamfaninsu ya rufe. Maman Zulai ta riga ta rasu. Ya koma wani ɗan flat a unguwar Ladywood ta Birmingham, a bene mai tsawo, kuma ba a jima ba masu gidan suka sallami mai kula da tsofaffin da ke ciki. Da zuciyarsa ta fara ciwo, likitansa na GP ya sa aka ba shi abin wuya mai maɓalli: in ya danna, wata murya ta amsa daga akwati a falo. Ya kira ni yana dariya. "Malama, ni ma an ba ni tawa 'yar kururuwar." Malama yake ce mini tun muna makarantar allo, don na riga shi sauka.

Wata rana yana sujada, abin ya shiga tsakanin ƙirjinsa da gwiwarsa ya dannu. Muryar ta yi ta kiran sunansa, shi kuwa bai ga dalilin yanke sallah ba. Kafin ya idar ya yi wa masu muryar bayani, an riga an turo motar asibiti. Lif ya lalace, ma'aikatan suka hau benen da ƙafa ɗauke da kaya, suka tarar da shi lafiya lau da carbi a hannu. Ba su ce masa komai ba sai alheri. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mini, "A wannan lokaci da motocin ba sa isa, na ƙwace ta wani. Wa ya san wanda ya jira saboda ni?"

Tun daga ranar, in zai tayar da sallah sai ya cire ya rataye a hannun ƙofa. Na ce, "Yaya, cusa shi cikin singileti mana." Ya ce a nan ma zai dannu. Na ce, "To ina maganar danna tun kana da hannu?" Ya ce, "Wannan ta masu teku ce, Malama. Ni raka'a huɗu ce kawai."

A gefen sallaya Zulai ta same shi. Abin wuyan yana jikin ƙofa. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, kuma ina fatan haka ne. Ko ya miƙa hannu wajen ƙofar, ban sani ba. Zulai ce ta gani, ni kuma ban tambaye ta ba. Ita ce ta tambaye ni, muna wanke kofuna: "Gwaggo, da yana wuyansa fa?" Na ce ajali ba ya gaba ba ya baya. Ta ce, "I know. Amma da yana wuyansa fa?" Na rasa abin da zan ƙara wanda ba zai zama ƙarya ko shisshigi ga Allah ba, sai na riƙe hannunta a cikin ruwan kumfar.

Ranar uku Mista Kolin ya zo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa da ƙyar kamar kowa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, ya ce in sanyi ya wuce zai koma teku, kuma har yanzu lambar Sa'idu ce a na'urarsa, bai san ta wa zai sa ba. Zulai, wadda tun ranar rasuwar ba ta kalli kowa a ido ba, ta ciro wayar babanta daga aljihun hijabinta ta nuna masa. Ta ce, "Kada ka canza. Tana hannuna, ba zan kashe ta ba. Amma ka danna da wuri, ka ji? Ko ba ka tabbata ba, ka danna."

Ya Allah, ga bawanka Sa'idu ya zo maka ba tare da ya kira kowa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓi sallar da ya tsaya a cikinta, ka haɗa shi da Maman Zulai a Aljanna. Ka sanyaya zuciyar Zulai, ka ɗauke mata tambayar da na kasa amsawa. Duk wanda ke shi kaɗai, a kan ruwa ko a saman bene, ka sa a ji shi in ya kira. Amin.