Jaridar Inna Helgi

Ban yafe wa waɗanda suka fasa ƙofar Inna Helgi ba, kuma kada wanda ya ce in yi haƙuri.

Wankan jego ya kai ni Kuala Lumpur, wurin 'yata Rukayya a unguwar Sentul. Korona ta zo, aka rufe hanya, bizata ta ƙare ina zaune.

Inna Helgi maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar ƙasar Estoniya, mijinta ɗan Malesiya ya rasu. A bangonta akwai wata jarida cikin gilashi, duk ta yi ja. Ni da sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba na wuce rubutu. Na tambaya, Rukayya na yi mana tafinta. Ta ce jaridar kullum ce a harshensu, ta girmi kakanta, a cikinta manoma suka saba ganin maganarsu a rubuce. Ubanta mai jera haruffa ne a maɗaba'ar. Da sojojin waje suka ci ƙasar, suka ƙwace injin, suka sauya abin da ake bugawa. Uban ya gudu ta teku da wannan fitowar a cikin riga. Yau jaridar ta koma hannun masu ita, har a waya ake karantawa, amma wannan ce ubanta ya taɓa.

Ran nan ƙarfe bakwai na ɗora ruwan wanka. Ƙarfe takwas na ji manyan motocin jami'an shige da fice. Sai takalma a matakala. Sai dukan ƙofofi, hawa bayan hawa.

"Keluar! Keluar!" Wato a fito.

Rukayya da mijinta suna da takardu, ni ce ba ni da su. Inna Helgi ta fizgo ni ɗakinta, ta nuna mini ƙofar baya ta masu kwasar shara. Aka fara dukan tata ƙofar. Ta sauke gilashin, ta doka shi da ƙasa, ta cusa mini jaridar a hannu. Ƙofa ta ɓalle. Na ga an ture ta. Na ji kanta ya bugu da bango.

Na naɗe jaridar, na sa a ƙirji, na ɗaure zani a kai, yadda muke yi da abin da ba ma so mu rasa. Na sauka ba takalmi. A ƙasa mata na kuka, an jera maza a tsugune. Na bi ta bayan wani kedai, wato shago, na laɓe tsakanin tukwanen gas. Ƙarfe goma ruwa ya kece. Ban motsa ba har bayan azahar, lokacin da mai shagon ya sa ni a motar kayansa, ya kai ni Sri Petaling gidan wasu ɗalibai 'yan Kano.

Can na kwance zani. Ruwa da gumi sun gama da ita. Ta ƙetare teku a jikin ubanta, a nawa jikin ta zama dusa. Saman shafin farko kaɗai ya tsira, inda sunan yake.

Rukayya ta bugo waya, ta ce Inna na asibiti, tana ta tambaya ko na fita da jaridar.

Da gari ya waye na busar da guntun da dutsen guga, na sa a leda. Ɗaliban suka ce akwai shinge a hanya, za a kama ni. Na ari takalmi, na fita.