Giyabos Mai Gudu da Baya

Ni ne wawan labarin nan, kada kowa ya yi mini takara. Ƙarshen mulkin soja giyabos ɗin ƙaramar motata mai injekta ya mutu. Na sayo na tsohuwar bas a Gusau. Bakanike ya ce ba zai dace ba, na ce ai na yi aji huɗu, na ɗaura da kaina.

Ranar da na gama aka aiko mini gida Bungudu cewa surukata na kwance a Tsafe, sai asibiti. Muka shiga ni da matata, na sa giya lamba ɗaya, mota ta yi baya. Lamba biyu, ta ƙara gudu da baya. Zufa ta karyo mini, ina salati.

Na ce wa matata, "Hajiya, Turawa ne suka juya giyabos ɗin."

Ta ce, "Malam, Turawan ne suka wuni ƙarƙashinta, ko kai? Sauko ka tsayar mana da motar haya."