Jan Katin Kawu

Kawuna bai taɓa yin sana'ar da babu kati a cikinta ba. Da safe yana bayan wata 'yar taga a asibitin unguwa yana yanka wa marasa lafiya kati, da yamma ya kafa lema yana sayar da katin waya. Ranar wasan ƙwallo kuwa sai ya sa gajeren wando, ya rataya usur, ya zura ja da rawaya a aljihu. Matarsa, Inna, takan ce karta ce kaɗai ta gagare shi, don bai iya ɓoye fuska ba.

Taurin kansa kam ni shaida ce. Na taɓa zuwa da zazzaɓi, na leƙa tagar na ce, "Kawu, ni ce." Ya ce, "Na gan ki. Bi layi."

Sai ga bikin 'yarsa Auta ya matso. Angon, Dogo, shi ke tsaron baya a ƙungiyar unguwarmu, babansa kuma shi ke ɗaukar nauyinta. An buga katunan gayyata, suna jibge kan talabijin, sai wasan ƙarshe ya zo, ɓangarorin biyu suka ce Kawu kaɗai suka yarda ya hura.

Ana dab da tashi Dogo ya kwashe ƙafar wani ɗan wasa ta baya, har muka jiyo ƙarar daga inda muke. Kawu ya nufe shi, hannu a aljihu. Baban Dogo ya kwatsa ihu daga bakin fili, "In ka ɗaga, babu biki!"

Kawu ya ji shi sarai, amma ja ya ɗaga. Aka ci mu.

A gida Auta ta sha kuka, Inna ta ƙi kula shi. Ni ma haushi kamar in fashe. Shi dai ya dubi Auta ya ce, "Da na kau da kai yau, gobe in ke ya taka, da wane baki zan yi magana?"

Washegari ya kwashe katunan gayyatar a jaka, wai kada Auta ta yini tana kallonsu. Na bi shi asibitin da niyyar in amayar masa da abin da ke cikina. Wa zan gani a layi? Dogo, riƙe da wanda ya ji wa ciwo, mutumin yana ɗingishi. Bai tsallake kowa ba har ya iso tagar, ya sunkuyar da kai.

"Baba, kati za a yanka masa. Maganar biki kuma, ni ban fasa ba."

Kawu ya yanka, ya miƙa. Sannan ya turo jakar ta tagar.

"An dakatar da kai, ai kana da lokaci. Je ka raba, ka fara da babanka." Ya ɗaga murya: "Na gaba!"