Baƙar Acca a Bakin Taga

Hulda Abednego ba ta da yawan magana, amma ba haka aka haife ta ba. Tana yarinya a ƙauyensu, can wajen Kagarko inda kowa citta yake nomawa, sai an ce mata "ke, bar mu mu sha iska" take yin shiru. Aiki ne ya rufe mata baki. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin sinadarai na wata jami'a, tana haɗa digiri na biyu a gefe. Shekarunta sun doshi arba'in, ta kama ciki da falo a Kafanchan bayan layin dogo, daga ita sai rediyonta.

In an tashi daga sujada a coci, matan zumunta sukan tare ta. "Hulda, wai me kike yi a can ne?" Da can zagewa take yi ta ba su bayani. Akwai wani ƙarfe, paladiyum, mai tsadar tsiya, da masu haɗa magani ke sawa a haɗinsu. Shi ba magani ba ne, zuga ce aikinsa, ya sa sinadarai biyu su kama juna da sauri. In an gama, ɓurɓushinsa kan bi ruwan datti ya tafi, asara ke nan. In ya maƙale a maganin kuma, illa. Ita sai ta yi wasu 'yan ƙwayoyin roba, ƙanana kamar tsabar acca, ta manna musu wani irin gishiri mai ruwa-ruwa wanda ke cafke ƙarfen. Farare suke shiga ruwan dattin, su fito baƙaƙe wuluk. Daga nan su ma sun zama masu zuga, a yi aiki da su, a tace, a wanke, a sake.

Kafin ta kai nan, wata ta fara gyara ɗankwali, wata ta tuna ta bar wake a wuta. "To, Ubangiji ya taimaka," sai su watse. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, har ta haƙura ta daina. Ko mahaifiyarta, Mama Yemima, iyakar saninta 'yarta tana aiki a jami'a.

Mutum ɗaya ne ke jin wannan yaren nata, Dokta Silvanus, malamin da ya ɗora ta a kan aikin. Shi ma ya samu gurbi a ƙasar waje ya yi gaba, sai ta yi ta tura saƙo kafin ya amsa da "madalla, ci gaba". Ɗan paladiyum ɗin da ya bar mata kuwa duk ya shige cikin ƙwayoyin nan, waɗanda ba su wuce cikin tafin hannu ba, kuma babu mai sayo mata wani. Gwaji ɗaya ya rage ta nuna har yanzu suna zuga, ta rufe rubutun digirinta. In suka salwanta, wahalar shekaru ta tashi a banza.

Ana tsakiyar damina rufin ɗakin gwajin ya fara yoyo, ga shi za a shiga yajin aiki a garƙame ko'ina. Hulda ta kwaso ƙwayoyinta da danshinsu ta kawo gida, ta baza su a ɗan faranti a bakin taga don su bushe.

Ranar Asabar sai ga Mama Yemima ba sanarwa, da ƙullin acca da doya a ka. Hulda ta yi murna sosai, rabon da wani ya kwana a ɗakin nan har ta manta. "Mama, ki miƙe ƙafa, bari in samo mana nama." Har ta kai ƙofa idonta ya faɗa kan farantin. Ta yi niyyar cewa kar a taɓa, sai ta tuna dole a tambaye ta mene ne, dole ta fara wancan dogon bayanin. Ta ja ƙofa ta tafi.

Ruwa ya tsare ta a kasuwa. Da ya ɗauke ta dawo, ta tarar an share ɗaki fes, acca na turiri a tukunya, farantin nan kuma an wanke shi tas an kife.

"Mama, abin da ke cikin nan fa?"

"Baƙar accar nan? Na zubar a kwata."

Hulda ta saki ledar naman ta fita a guje. Ta durƙusa bakin kwatar tana lalube da yatsu, tana damƙo laka tana murzawa. Ina! Ruwan da aka tafka ya riga ya yi layin dogo da komai.

Tsohuwar ta biyo ta, ta tsaya a kanta. "Hulda, har abin ya kai haka? Acca ta yi fumfuna ta yi baƙi, ki shanya ki ci, yanzu kuma ki bi ta kwata? Kina nan ke kaɗai yunwa na cinki, ba ki gaya wa kowa ba? Ni na mutu ne?"

"Mama, ba acca ba ce."

"To mece ce?" Mama Yemima ta tattare zani ta tsuguna a gabanta cikin taɓon, ta kama hannunta mai laka. "Faɗa mini, 'yata. Ina ji."

Da gaske take, ba inda za ta je sai ta ji. Hulda ta buɗe baki, maganar ta taho har wuya. Sai ta dubi idon tsohuwar da ya cika da hawaye, ta san halinta: in ta gane abin da hannunta ya zubar, da wannan baƙin cikin za ta shiga kabari.

Hulda ta haɗiye maganar. Ta miƙe, ta ɗaga uwarta.

"Acca ce, Mama. Ta lalace ne. Gara da kika zubar."

"Yauwa," in ji tsohuwar tana share ido da bakin zani. "Wanke hannu ki zo ki ci mai kyau."